Yadda Za Ka Tsinci Hausa a Allunan Shagunan Jidda

In kana cikin mota a titin Tahliya, ka zauna jikin taga, ka riƙa karanta allunan shaguna a bayyane da bakinka, domin kunne ya fi ido saurin kamawa. Rubutun boko za ka bi, na Larabci yakan ɓoye wasula.

Fara da Kudu, gidan abincin da aka buɗe a Riyad a 1988. Ko a arewacin gari ka same shi, Kudu ne. Amma ni Jarir ya fi faranta min rai: kantin littattafai da kwamfutoci ne, saura wasali ɗaya ya zama jariri, alhali sunan babban mawaƙi ne na zamanin Umayyawa.

Ka ɗauki hoton allon, ban da fuskokin mutane, ka tura wa 'yan gida.