Yadda za ka ajiye jatan lande da ƙaguwa da rai har ka kai bakin fatsa

Kullum masu fatsa a nan Yauri kukan ɗaya suke yi, mutum ya kamo koto da asuba daga kogin Kwara ya zuba a bokiti, kafin hantsi ƙananan duk sun juya ciki sama, manyan kuwa suna nan garau. Abin na da dalili wallahi.

Ƙaramin jiki ya fi saurin ƙona abinci, don haka ya fi jan iskar oksijin idan aka kwatanta da nauyinshi. Wani masani Max Kleiber ya nuna haka tun 1932, dabba in ta ninka wata nauyi sau 16 to abin da jikinta ke ƙonawa wajen sau 8 ne kawai. Kenan mudu guda na ƙananan jatan lande ya fi mudu guda na manya shanye iskar ruwa nesa ba kusa ba. To abu na farko ka ware su, ƙananan ka rage musu yawa sosai, kar ka ce ai ba su da nauyi.

Sai mazubi. Bar bokiti mai zurfi, nemi baho mai faɗin baki ka zuba ruwa kaɗan, don ta sama iska ke shiga ruwa. Ka sa a inuwa, ka rufa jiƙaƙƙen buhu ta gefe ɗaya. Ruwa mai sanyin digiri 20 yana riƙe miligiram 9 na oksijin a lita, in ya kai 30 sai ya koma wajen 7.5, kuma a daidai lokacin ne jikinsu ke kusan ninka buƙata. Shi ya sa watan Afrilu ya fi kashe koto. Rinƙa sauya rabin ruwan da na kogi, kuma kar ka ba su abinci, narkarwa ma iska take ci.

Sifar jiki ma ka duba ta. Matsattsaku dogo ne falale, ta fata yake numfashi, in ka ga ya manne yana kaɗa jiki kamar tuta to ruwan ya fara mutuwa, sauya maza. Ƙaguwa kuwa dunƙulalliya ce, kar ka nutsar da ita cikin ruwan da ba ya motsi, jiƙaƙƙiyar ciyawa da ɗan ruwa a ƙasan baho sun ishe ta.

Dodon koɗi dai don Allah a hana yara tsince shi da hannu a cikin ruwa, wasu irinshi ne ke ɗauke da tsargiya.