Bargon ƙyallaye kafin hunturu ya kankama

Salamu alaikum 'yan uwa. Sanyin asuba na Sakkwato a watan Janairu ba wasa ba ne, kuma ba dole sai an sayi sabon bargo ba. Ku roƙi telan unguwa ya tara muku ragowar atamfa da shadda, ku haɗa da tsofaffin zannuwa.

A fara wanke su duka a goge, don sabuwar atamfa tana tsukewa, wata kuma tana zuba, sai ta ɓata farin da ke kusa da ita. Leshi da yadi mai talewa a ajiye su gefe, ba su zama daidai da auduga.

A yanka kwali inci 6 kowane gefe, da shi za a riƙa auna kowane ƙyalle. Idan aka bar rabin inci na ɗinki a kowane gefe, kowanne zai koma inci 5. Bargo mai faɗin inci 60 da tsawon 80 yana cin ƙyalle 192, wato jeri 16, kowane jeri guda 12. A goge bakin ɗinki kafin a haɗa jeri da jeri, in ba haka ba kusurwoyi ba za su haɗu ba.

Ƙyallayen da aka haɗa su ne saman bargon, a tsakiya a sa tsohon bargo marar kauri ko na gwanjo, a baya zanin gado. Nan ake yawan samun matsala: a shimfiɗa ukun a ƙasa, a kama da fil duk bayan taƙi ɗaya, sannan a fara ɗinki daga tsakiya zuwa baki. Wadda ta fara daga gefe, bayan zai tattare. A keke a sa allura lamba 16, a ƙara tsawon ɗinkin kaɗan don kada zare ya riƙa tsinkewa.