Babi na Bakwai: Gadon Yaron da Aka Yaye

Kowace ta fito da littafinta da fensir, da tef ɗin awo irin na tela. Wadda ba ta zo da tef ba ta matsa kusa da maƙwabciyarta. Babin nan ya shafi yaron da ya fara gudu, daga shekara ɗaya da rabi zuwa huɗu, wanda aka yaye ko ake shirin yayewa, ga ƙani na tafe, gadon uwa ya yi kaɗan. Jariri ba ya cikin wannan, nasa daban ne.

Darasi na 1: Katifa ake fara saye

Da yawanku kukan ba kafinta aikin gado, in ya gama sannan ku shiga kasuwa neman katifar da za ta shiga. Ku juya abin. A sayi katifa tukuna, a auna ta, sannan a yi gado daidai da ita. Dalili kuwa, in katifa ta yi wa gado kaɗan, rami zai rage a gefe, yaro ya mirgina cikin barci fuskarsa ta faɗa ciki, ya kasa numfashi, ke kuma kina can kina barci.

Gwajin mai sauƙi ne. Sa katifar a gado, ki tura ta gefe ɗaya, ki zura yatsunki a ɗaya gefen. In yatsu fiye da biyu suka shiga, ramin ya yi yawa. Kada ki ce za ki cusa tsumma ko zani a ciki, yaro zai zaro shi.

Ki danna katifar da tafin hannu. Mai kyau tana da ɗan tauri, kina ɗaga hannu ta dawo yadda take. Wadda hannu ya nutse a ciki ba ta yaro ba ce. Katifar 'yan makarantar kwana, mai ƙafa biyu da rabi a ƙafa shida, ta wadatar, kuma zai daɗe yana mora.

Ku kwafi wannan a littafinku: Katifa kafin gado. Yatsu biyu kawai.

Darasi na 2: Karanta tef

Nan ne aikin yake, kuma nan za mu daɗe. Kada wadda ta ji kunya in ba ta gane ba da farko, ko masu boko suna ruɗewa a nan.

Ɗauki tef ɗinki. Yana da fuska biyu. Bi shi har ƙarshe ki duba lambar da ya ƙare da ita. Fuska ɗaya ta ƙare a 60, wannan ita ce inci. Juya shi. Ɗaya fuskar ta ƙare a wajen 150, wannan ita ce santimita. A fuskar inci lambobin suna nesa da juna. A fuskar santimita suna kusa kusa, a matse. Sake juyawa ki faɗa da baki: inci. Juya: santimita. Madalla. Sake yi sau uku.

Me ya sa nake nanata wannan? In gadon yana da sanduna a gefe, tazarar da ke tsakanin sanda da sanda kada ta wuce santimita 6. Wannan shi ne ma'aunin da ake bi a Amurka ga gadajen ƙananan yara, an kuwa sa shi ne saboda jikin yaro ya fi kansa sirantaka. In tazarar ta yi faɗi, ƙafafunsa da gangar jikinsa za su zurara ta ciki, kai ya maƙale, wuya ya rataye. Matsalar ita ce kun saba da fuskar inci, domin da ita tela yake auna ku, da ita kafinta yake aiki. Sai mace ta ji an ce 6, ta duba fuskar inci, ta ga 6, ta ce daidai ne. Inci 6 kuwa ya kai santimita 15, ya ninka abin da ake so sau biyu da rabi.

To mu yi shi tare, a hankali.

Juya tef zuwa fuskar da ta ƙare a 150. Nemo bakin da yake da ɗan ƙarfe, inda lambobi suka fara. Awo daga bakin ƙarfen yake farawa. Ba daga lamba 1 ba, daga bakin ƙarfen. Ɗora babban yatsanki a kan 6. Daga bakin ƙarfe zuwa yatsanki, wannan ne santimita 6. Dube shi da kyau, ɗan kaɗan ne.

Yanzu juya zuwa fuskar inci ki ɗora yatsa a kan 6. Kin ga bambancin? Wannan dogon shi ne wanda ba ma so.

Koma fuskar santimita. Bakin ƙarfe, yatsa a kan 6. Nuna wa ta kusa da ke. Ita ma ta nuna miki nata. In naku bai zo ɗaya ba, ɗayanku tana kan fuskar inci, ku duba ƙarshen tef ɗin ku gani. Sannu da ƙoƙari, haka ake koyo.

Wasu kuma kuna riƙe tef ɗin a kife, sai 6 ta zama 9. Ki tabbata 5 tana kafin ta, 7 tana bayanta. In kika ga 8 da 10 a gefenta, 9 kike kallo.

Tunda kafinta da inci ya saba, ki ce masa inci biyu. Inci biyu santimita 5 ne, bai kai 6 ba, ya yi daidai. Ki rubuta masa da hannunki: inci 2. Kada ki rubuta 2 kawai, kada ki rubuta 6 kawai. Lamba ba ta tafiya ita kaɗai, sai da sunan awonta a gaba.

Ga dabara ga mai tsoron mantuwa. Samo karan dawa, ki auna santimita 6 a nan cikin aji inda zan duba miki, ki yanke, ki ƙulle a bakin mayafi. A kasuwa sai ki gitta shi tsakanin sanda da sanda. In ya shige a gicciye har da saura, a bar gadon nan. Kowace tazara za ki gwada, daga ta farko har ta ƙarshe, saboda aikin hannu ne, wata takan fi wata faɗi.

Yanzu a sake daga farko. Wace fuska? Wadda ta ƙare a 150. Daga ina? Daga bakin ƙarfe. Zuwa ina? Zuwa 6.

Ina ganin wasunku a baya sun ajiye tef suna hira. Haba, iyayena. In aka zo zancen kuɗin anko babu wadda take kuskuren ko naira goma, amma awon da ran ɗanki ya rataya a kai sai ki ce maigida zai duba. Maigidan yana kasuwa ko gona, ke ce da yaron. Wadda ta ce ta gane alhali ba ta gane ba, ba ni ta cuta ba. Ku ɗauki tef ɗin nan, kowace ta zo gabana ta nuna mini santimita 6 kafin ta fita.

Darasi na 3: A wurin kafinta

Biyu biyu za ku karanta, ɗaya uwa, ɗaya kafinta.

"Salamu alaikum, sannu da aiki, Malam."

"Wa alaikumus salam, Hajiya, sannu da zuwa. Me za a yi?"

"Gadon yaro nake so, ɗan shekara biyu. Ga awon katifar na rubuto."

"To, a yi masa tsayi kamar na manya?"

"A'a, Malam, a yi shi ƙasa ƙasa, kada ya kai gwiwata. A sa masa katanga a gefe, sanda da sanda inci biyu."

"Inci huɗu muke yi, Hajiya, ya fi sauƙin katako."

"Ka yi haƙuri, inci biyu nake so, ko da kuɗin zai ƙaru. Kuma a goge bakin katakon ya yi sumul."

"An gama, in sha Allahu."

Kun ji yadda ta tsaya a kan inci biyu ba tare da faɗa ba. Gado ƙasa ƙasa ake so domin yaron wannan shekarun hawa da sauka yake yi da kansa, kuma ko ya faɗo ba zai ji ciwo sosai ba. Katangar gefe a bar mata ƙofa ta wajen ƙafa inda zai riƙa sauka, in ba haka ba ta sama zai haura.

In za ki ba da kafin alƙalami, ki sa ya rubuta nawa ya karɓa, nawa ya rage, da ranar da za a karɓi aiki. Ki karanta da kanki kafin ki bar shagon. Ranar karɓa ki je da karanki na santimita 6, ki shafa ko'ina da hannu ko akwai ƙusa da ta leƙo, ki girgiza gadon ki ji ko yana rawa.

Wadda ba ta da halin gado kada ta damu. Katifa a kan tabarma a ƙasa, ɗaki a share, ya fi gadon da aka yi ba daidai ba. Sai dai a riƙa ɗaga ta ana shanyawa.

Darasi na 4: Gadon gwanjo da na aro

Ki haska fitila a mahaɗar katako ki nemi kuɗin cizo, ɗigo ɗigon baƙi shi ne alamarsu. In na ƙarfe ne, ki duba tsatsa da inda walda ta saki. In fenti yana ɓarewa, ki ƙyale shi. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, yaro kuwa gatsar bakin gado yake yi. Kun tuna abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, a yankunan Anka da Bukkuyum, inda yara ɗaruruwa suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma kaɗan ma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro.

Gado mai hawa biyu, ba a kwantar da yaron da bai kai shekara 6 ba a sama.

Darasi na 5: Inda za a ajiye shi

Nesa da taga, da igiyar labule, da soket, da wayar fanka. Lokacin sanyi kada a kai gawayi kusa. In an jingina shi da bango, a matse shi sosai, kada a bar rami.

Gidan sauro dole ne. Sabo mai magani a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura. A cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta ko'ina, a ɗaure igiyoyinsa sama inda hannun yaro ba zai kai ba.

Darasi na 6: Shimfiɗa

A cire ledar da katifa ta zo da ita, tana iya toshe masa hanci. Saboda fitsarin kwance a sa roba mai kauri, a rufe da zanin gado a cusa bakinsa. Filo ba dole ba ne kafin shekara biyu.

Darasi na 7: Aikin gida

Auna tsawo da faɗin inda za ki ajiye gadon, ki rubuta lambobin tare da sunan awonsu. Ki zo da karanki ranar Asabar.