Zare Na Cukurkuɗewa a Ƙasan Yadi? Kada Ka Fara da Ƙoshiya

Duk telan da ya taɓa kwana a shago a goman ƙarshe na azumi ya san wannan takaicin. Kana tsaka da gudu, keke ya cije, ka ɗaga yadi ka tarar zare ya yi curi a ƙasa, ga mai kaya zaune a benci yana jiran shaddarsa.

Yaran da nake koya wa ɗinki a nan Tudun Wadan Zariya, da sun ga haka sai su zaro ƙoshiya, wato gidan da zaren ƙasa ke zama, su hau murɗa ɗan sukurun da ke jikinta. Kuskuren farko ke nan, kuma shi ya fi ɓarna. Curin a ƙasa yake, gaskiya ne, amma galibi zaren sama ne ya taru a can. In kana shakka, sa jan zare a sama, fari a kwarkwaro, wato ɗan abin da ake naɗa zaren ƙasa a kai, ka yi ɗinki a ƙyalle. Za ka ga ja ne ya cure.

Dalilin kuwa shi ne, a jikin tenshan, wato abin da ke daidaita taurin zaren sama, akwai 'yan faya-fayai biyu da ke riƙe zare. Idan ka ɗaga ƙafar da ke danne yadi sai su buɗe, idan ka sauke ta su matse. Wanda ya saka zare alhali ƙafar tana ƙasa, zaren bai shiga tsakaninsu ba, a baki ya tsaya. Babu abin da ke riƙe shi, sai ya yi ta zuba a ƙasa. Gyaran ba ya cin minti biyu: zare zaren gaba ɗaya, ɗaga ƙafa, sake sakawa tun daga farko, ka tabbata ya bi ta ɗan ƙarfen nan mai hawa da sauka, don shi ke janye rarar zare bayan kowane ɗinki. Sannan sauke ƙafa ka ja zaren da hannu. In ka ji tauri, ya zauna.

Wani yaro ya ce mini, "Malam, ni a farkon ɗinki kawai yake yi mini." Na ce ai ba ka riƙe jelar zare. Ka ja zaren sama da na ƙasa baya, kamar tsawon yatsa, ka danne su har allura ta shiga sau uku. Masu keken ƙafa irin Butterfly kuma su kula da wili: wajenka ake juyo shi. Ya koma baya ko sau ɗaya, zare ya sarƙe.

Allura ma tana da nata laifin. Wadda ta lanƙwashe ko ta dakushe, a yar da ita, ba abin rowa ba ce. Lamba 14 ta ishi atamfa, amma shadda mai kauri da yadin jins suna son 16 ko 18. Wajen sakawa, dogon kwarin da ke jikinta ya fuskanci gefen da zare ke shigowa, a tura ta har ƙarshe kafin a ɗaure.

Sai an gama da waɗannan ake duba ƙasa. Kwarkwaron da aka naɗe da hannu, wani gefe tudu wani gefe kwari, ba zai saki zare daidai ba, haka wanda aka cika har ya tumbatsa. Cire farantin da ke ƙarƙashin allura ka duba haƙoran keke. A lokacin hunturu, ƙurar da ke haɗuwa da burbushin yadi a wurin nan sai ka rantse auduga ce. Share da buroshi, ka ɗiga man keke. Man keke na ce, ban da man gyaɗa, wanda ke daskarewa ya zama danƙo.

In keke ya riga ya cije, kada ka fizgi yadi, allura za ka lanƙwasa ko ka yage kayan mutane. Sa almakashi ka yanke curin ta ƙasa, ka motsa wili a hankali. Idan ka bi duk wannan amma keke na tsallake ɗinki, ko allura na bugun ƙarfe, to saitin da ke tsakanin allura da ƙugiyar ƙasa ne ya goce. Wannan kam aikin makaniki ne, ka kwance kan keken ka kai Sabon Gari.