Yadda Ake Koya wa Yaro Mai Buƙata ta Musamman Yin Tsarki da Kansa

Ɗana yana da shekara 9 lokacin da ya fara tsarki ba tare da na sa masa hannu ba. Tun kafin nan ya iya zuwa banɗaki da ƙafarsa, amma da ya gama sai in ji "Umma, na gama," ko da ina tsakiyar tuƙin tuwo. A gida da sauƙi. Abin da ke hana ni barci shi ne Islamiyya, da ranar da muka je biki Daura, yaro ya fara tasawa amma yana tsugune yana jiran wanda zai wanke shi cikin baƙin ido.

Na daɗe ban gane cewa tsarki aiki ɗaya ne a wurinmu kawai ba. A wurin yaro mai galahanga, ko jinkirin fahimta, ko raunin gaɓoɓi, ayyuka ne a jere: ya tsuguna bai faɗi ba, dama ta karkata buta, hagu ta kai inda ido ba ya gani, sannan ya san ƙazantar ta fita. Sai an warware su ɗaya bayan ɗaya.

Ki fara da gyara wurin. Nemo ƙaramar buta, ki zuba ruwa rabi, domin lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma da hannu guda zai ɗaga ta. A hunturun Katsina, Disamba zuwa Janairu, ki sirka masa ruwan. Yaron da ruwan randa ya gigita da asuba sau ɗaya yana iya ƙin butar wata guda. In tsugunno na ba shi wuya, a sa mai walda ya kafa ƙarfen riƙewa a bango, ko kafinta ya yi kujera mai rami da za a ɗora kan masai. A bar wando mai zariya, a koma mai roba, rigar kuma gajera.

Daga nan horo a tsakar gida, da kaya a jikinsa. Ɗaura masa zare a wuyan hannun hagu, ki ce wannan ne hannun tsarki. Manna ɗan salatif a bayan wandonsa ya ciro da hagu, a tsaye tukuna, sannan a tsugune. Ki shafa laka a bayan ƙwarya, ya riƙa zuba ruwa da dama yana wankewa da hagu har yatsunsa su ji santsin ya tafi. Wannan ji na yatsa shi ne zai zame masa ido a banɗaki.

Yanzu ga inda aikin yake. Kada ki fara daga farko, ki fara daga ƙarshe. Ki wanke shi kamar kullum, sai ki bar masa zubin ƙarshe kawai, lokacin da babu sauran ƙazanta. Ya gama da nasara, ki yabe shi nan take, ki faɗi abin da ya yi: "Madalla, kai ka zuba ruwa." In wannan ya zauna kwana uku ko huɗu a jere, ki ƙara masa wankin ƙarshe, haka kina ja da baya har ya karɓe duka. Wani yaron zai fi gane a raba aikin: ke ki zuba, shi ya wanke, butar ta zo daga baya.

Hannunki ma a hankali za ki janye shi. Da farko ki ɗora shi a kan nasa, kina tsaye ta bayansa, ku yi tare. Sai ki koma wuyan hannu, sai gwiwar hannu, sai taɓa kafaɗa, sai baki kawai, sai ki tsaya a bakin ƙofa. Iyaye da yawa a nan muke maƙalewa, saboda yin abin da kanmu ya fi sauri kuma ya fi fita. Ni ma wata biyu na ɓata a haka. Kalmomin su zama gajeru, iri ɗaya kullum: zuba, wanke, ƙara. In bai iya gane ya fita ba, ku ƙirga tare, ɗaya zuwa biyar.

Yarinya a koya mata daga gaba zuwa baya, don kada ƙwayoyin cuta su kai mafitsara, kuma gara ta ƙware kafin ta fara al'ada. Wanda hannu biyu lokaci guda ya gagare shi, ya fara gogewa da tishu ya bi da ruwa. Malamai sun karantar da mu tsarkin hoge, ba baƙon abu ba ne a addini. Bayan haka sabulu, daƙiƙa 20, har ƙarƙashin farce, kuma farcen a yanke. In sabulu ya ƙare, toka.

Lokacin gwaji mafi kyau shi ne jim kaɗan bayan cin abinci, sa'ad da hanji ke motsi da kansa. Taurin bayan gida ya yawaita ga irin yaran nan, kuma ba a koyon tsarki cikin ciwo ko gudawa, don haka a fara ganin likita. In hannu ba ya kaiwa baya saboda ƙagewar jijiya, a tuntuɓi masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Duka da tsawa ba su da wuri a nan. Tsoro kan sa yaro ya riƙe bayan gida ko ya ɓoye wando. Masu taimaka masa kada su wuce mutum biyu, su bi hanya ɗaya, a sanar da malamarsa kalmomin da kuke amfani da su. A nanata masa cewa ba kowa ke taɓa al'aurarsa ba. Da ya fara yi shi kaɗai, ki daina duba jikinsa, ki duba wandon wajen wanki. In kin ga alama, ko ya koma baya bayan zazzaɓi ko tafiya, ki koma matakin da ya gabata ku sake tasowa daga nan.