Kurakuran masu rubuta ƙagaggen labari a cikin ciwon da ba a sa ran warkewa

Mutumin da likita ya gaya wa cewa ciwonsa ya wuce magani, ko cutar kansa ce da ta bazu ko ƙoda ce da wankin ya daina yi mata amfani, idan ya ɗauki alƙalami domin ya ƙirƙiri labari ya yi dabara, domin labari yana ba shi awa ɗaya ko biyu da ba shi ne majinyaci ba. Sai dai na gaji da ganin masu farawa suna faɗawa cikin kurakurai iri ɗaya.

Babban kuskure shi ne ɗaukar aikin da ya fi ƙarfin jiki. Mun saba da littafi na ɗaya da na biyu da na uku, saboda haka kusan kowa da dogon labari yake farawa, mai gidaje huɗu da zuriya uku, alhali ƙarfinsa na yau ba lallai ya kai wata mai zuwa ba. Daga nan sai rubutun da aka fara domin samun sauƙi ya koma bashi, mutum yana kwance yana lissafin babin da bai rubuta ba. Wanda kuma ya fara sakin labarin a WhatsApp ko Wattpad ya ƙara wa kansa wahala, domin masu karatu ba su san halin da yake ciki ba, kullum sai sun aiko suna neman ci gaba. Ni shawarata ɗaya ce, kuma ba na sassauta ta: a rubuta gajeren labari wanda za a gama a zama biyu ko uku, idan da sauran ƙarfi a ƙara wani da mutanen nan dai, ta yadda duk inda aka tsaya akwai abin da ya kammala. A binciken da masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker ya wallafa a 1986 kan rubuta abin da ke damun zuciya, minti 15 kacal ake rubutu, kwana huɗu a jere. Ɗalibai masu lafiya ne ya gwada, amma ma'aunin lokacin ya fi dacewa da majinyaci.

Akwai kuma taurin kan cewa sai mutum ya yi komai da hannunsa. Marubuci ɗan Birtaniya George Orwell ya ƙarasa littafinsa na ƙarshe a tsibirin Jura da ke Scotland a 1948 yana fama da tarin fuka, ya buga shi da kansa a keken rubutu saboda ba a samu mai buga masa ba, ya kuma rasu a Janairun 1950 yana da shekara 46. Shi ba shi da zaɓi. Kai da ke riƙe da wayar da ke naɗar murya, me zai sa ka galabaitar da kanka? Ka faɗa da baki, ɗa ko ƙanwa su rubuta.

Kuskuren da har yau yake ci mini rai ya shafi wata aminiyata. Ta shafe watannin jinyarta tana rubuta labari a waya, tana karanta mini wasu sassa idan na je dubiya, kuma ban taɓa jin ta yi dariya irin ta lokacin ba. Da Allah Ya karɓi abarSa, sai aka tarar wayar a kulle, babu wanda ya san lambar sirrin, mai gyara kuma ya ce ba za ta buɗu ba sai an goge komai. 'Ya'yanta ba su karanta ko layi ɗaya ba. Wannan sakaci ne tsantsa, kuma iyali suna da nasu kason, domin kunyar ambaton mutuwa ce take hana su tambaya. Duk abin da aka rubuta a tura wa amintacce a ranar, a kuma faɗa masa a fili ko a buga ne, ko a ajiye wa iyali, ko a goge.

Wasu kuma sukan ɗora wa tauraron labarin ainihin ciwonsu, da allurai da ranakun asibiti, har labarin ya zama katin jinya. Na fi son a ba shi wata damuwa daban, ko tafiya ko neman aure ko rigimar gona, domin tsoro da kewa za su shiga da kansu ba sai an kira su ba. Mai amfani da labari ya rama wa kishiya ko ɗan'uwa kuwa, ya tuna cewa za a karanta lokacin da ba ya nan balle ya nemi yafiya. Wasiyya ma a rubuta ta daban da shaidu, kada a ɓoye ta a bakin wani tsoho cikin babi na biyar.

Sauran ƙanana ne. Kada a zauna rubutu daidai lokacin da maganin kashe zafi mai ƙarfi irin mofin ya fara kawo gyangyaɗi. A lura da sa'ar da kai ya fi washewa, wadda ga yawancin waɗanda na sani bayan sallar asuba ce. Kada a ɓata ƙarfi wajen gyaran ƙa'idojin rubutu, wani zai yi wannan daga baya. Idan kuma wani babi ya bar mutum cikin ƙunci har washegari, a ajiye shi a koma wani, a kuma sanar da likita ko mai jinya idan ƙuncin ya ƙi wucewa.