Bindigar ƙusa mai iska: kurakuran da ke kashe ta da waɗanda ke raunata mai riƙe da ita

A shagunan kafintocin Gombe, musamman masu haɗa gado, durowa da kujerun kushin, bindigar ƙusa ta fara ture guduma gefe. Sai dai da yawa daga bindigogin da ake jefarwa ƙarƙashin tebur ana cewa sun mutu, iskar da ake ba su ce ta kashe su.

A fara da geji, agogon da ke nuna ƙarfin iska da ma'aunin PSI. Ƙananan bindigogi irin F30 da T50 galibi suna aiki ne tsakanin PSI 60 da 100, manyan na aikin rufi kuwa daga 70 zuwa 120, kuma iyakar kowace tana rubuce a jikinta ko a takardarta. Kuskuren da aka fi yi shi ne, da zarar ƙusa ta tsaya rabi sai a murɗa iska har ƙarshe. Kafin haka a duba ko kwampireso, injin da ke tara wa bindigar iska, ya cika, domin idan wuta ta yi ƙasa ko janareta ya yi masa kaɗan ba ya tara iska sosai. Tiyo siriri mai tsawo ma yana cinye ƙarfin. Mahaɗar tiyo kuma a shafa mata ruwan sabulu, inda kumfa ya tashi nan yoyon yake. In duk lafiya, sai a ƙara PSI 5 a gwada a gutsuren katakon da za a yi aikin da shi, don abin da ya nutsar da ƙusa a malaina ba lallai ya nutsar da ita a maɗaci ba. Iska mai yawa tana farfasa robar da fistan ke dira a kanta.

Sai mai. Ɗigo 2 zuwa 3 na man kayan iska ake sa wa a bakin da tiyo ke shiga kowace safiya, a ƙara da rana in aikin ya yi yawa. Baƙin man mota da man birki suna lalata zobban robar ciki, arhar da aka nema ta koma kuɗin gyara.

Ruwa kuwa a tankin kwampireso yake taruwa, ya fi yawa da damina. Akwai ɗan famfo a ƙasan tankin. A rage iska, a buɗe shi kullum bayan an tashi aiki. Jan ruwan da zai fito tsatsa ce, kuma in aka bar shi zai bi tiyo ya shiga bindiga. Da hunturu ƙura ce matsalar: a kakkaɓe matatar iska, a goge hanyar da ƙusoshi ke bi da busasshen tsumma, kada a shafa mata giris.

Inda iska ke tsiyaya yakan nuna ciwon. In daga kunama ne, zoben robar wurin ya cinye. In daga murfin sama ne, a ɗaure kusoshinsa, in bai daina ba a canza robar kai. In daga baki ne, yawanci robar da fistan ke dira a kai ce ta fashe, kuma harbi ba ƙusa a ciki yana hanzarta haka.

Idan ƙusa ta maƙale, a cire tiyo tukuna. Ba kashe kwampireso ba, domin tankin na nan cike da iska. Sannan a zare sauran ƙusoshin, a buɗe bakin, a ciro ta da filaya. Yawan maƙalewa daga ƙusar da ba girman bindigar ba ne, ko mai tsatsa, ko ƙarfen da ke bugun ƙusar ya gutsure.

Wajen kauce wa rauni ne oga ya kamata ya tsananta wa yaran shago. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ƙiyasta cewa tsakanin 2001 da 2005 kimanin mutum 37,000 ke zuwa sashen gaggawa duk shekara saboda raunin wannan bindiga, mafi yawa a hannu da yatsu. Hannun da ke riƙe katako ya yi nisan santimita 30 daga inda za a harba, saboda ƙusa kan ci karo da wuri mai tauri ta lanƙwashe ta ɓullo ta gefe. Bindiga mai kunamar da ake dannewa ana dangwala baki ta ninka mai harbi ɗaya-ɗaya haɗari kusan sau biyu, wasu F30 masu arha ma ba su da makari a baki sam, wato ƙarfen da ke hana harbi sai an danna bakin a katako, taɓa kunama kawai sai harbi. Don haka ba a yawo ko hawa tsani da yatsa a kan kunama, ba a ɗaure makari da waya don sauri, ba a nuna wa kowa bakinta ko da wasa. Tabaran kariya dole ne, har ga mai kama maka katako.

Kada a taɓa jona bindigar da tukunyar oksijin ta masu walda wai don babu wuta. Oksijin da man da ke cikin bindigar suna iya tarwatsa ta a hannu.

In ƙusa ta shiga jiki, kada a zare ta a shago. A tallafe ta da tsumma mai tsabta yadda ba za ta motsa ba, a tafi asibiti a ɗauki hoto, a tambayi allurar tetanus, a kuma riƙa wa likita irin ƙusar ya ga tsawonta.